Katin Asibiti Amana Ne: Wa Ke da Ikon Buɗe Fayil ɗin Matar da Ta Yi Ɓari?



Duk wanda ya taɓa kwantar da maras lafiya ya san doguwar tafiyar da fayil ke yi a cikin asibiti. Daga ɗakin kati ya je hannun ma'aikaciyar jinya, daga nan teburin likita, sai ɗakin gwaje-gwaje, sai ɗakin hoto, kafin ya iso tagarmu ta ɗakin magani. Kafin la'asar, hannu shida ko bakwai sun taɓa shi. A babban birni wataƙila babu wanda ya san ka a cikinsu. A Haɗejiya kuwa da wuya a rasa wanda kuka yi makarantar allo tare, ko wanda ƙanwarsa ke aure a unguwarku.

Cikin fayilolin da ke zuwa hannuna babu mai nauyin na macen da ciki ya zube mata. Shi ne wanda dangi ke son leƙawa, maƙwabta ke son jin labarinsa, wani lokaci hukuma ma ta nemi gani. A kansa nake son mu tattauna yau, ni da kai maigida, da ke 'yar'uwa, da ku iyayenmu mata da kuke rako 'ya'yanku da surukanku. Ban zo yin fatawa kan zubar da ciki ba. Wannan fagen malamai ne da masana doka. Abin da aikina ya koya mini shi ne, rufin asirin maras lafiya wani ɓangare ne na maganinsa. Inda aka yaye shi, mata suna makara zuwa asibiti, wanda ya makara da zubar jini kuwa sau da yawa ba ya komawa gida da ƙafarsa.

Abin da takardar magani ba ta faɗa

Akwai wata ƙwaya da ake kira misofurostol. Asalinta an yi ta ne don kare ciki daga gyambon da magungunan kashe raɗaɗi ke haddasawa, daga baya aka gano tana sa mahaifa ta tsuke. A 2006 hukumar NAFDAC ta yi mata rajista don maganin zubar jini bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya ta cikin jerin magungunan da bai kamata asibiti ya rasa ba. A yankinmu darajarta ta fi ta ko'ina, domin allurar oksitosin, wadda ita ce zaɓin farko, tana son sanyin firiji, ƙananan asibitocin Guri da Kirikasamma da Birniwa kuwa ba kullum suke da wuta ba. Ƙwayar ba ruwanta da firiji.

Da ita ake tsayar da jinin mai jego. Da ita ake fitar da abin da ya rage a mahaifa bayan ɓari. Da ita ake tayar da naƙuda idan ɗa ya koma a ciki. Da ita kuma waɗansu ke zubar da ciki da gangan. Ka ga ke nan, sunanta a littafin da muke rubuta magungunan da suka fita bai isa shaida a kan kowa ba. Amma wanda bai san aikin ba, ya buɗe littafin ya ga sunan ƙwayar kusa da sunan 'yar wane, ai ya gama yanke hukunci.

Akwai wani tarko da ya fi wannan. A Turancin likitoci, kalma guda ake rubutawa ga ɓarin da ya zo da ƙaddara da kuma cikin da aka zubar da hannu. Wata 'yar kalma da ke gabanta ce kaɗai ke rarrabe su, sau da yawa ma ita tana bayyana matakin da ɓarin ya kai ne, ba dalilinsa ba. Ɗan boko da ya iya karatu amma bai san likitanci ba, idan ya hango kalmar a fayil ɗin matar ɗan'uwansa, yana iya kai labarin da zai kashe aure.

Ɓari kuwa ba baƙon abu ba ne. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana ƙarewa da ɓari, wato kusan miliyan 23 a duniya kowace shekara. Kimanin rabin ɓarin watannin farko daga tangarɗar halittar ɗan tayin yake, ba daga wani abin da uwar ta ci ko ta ɗauka ba. A ƙasar fadama irin tamu, zazzaɓin cizon sauro yana ƙara nasa. Kuma idan mace ta iso tana zubar da jini, galibi likita ba zai iya gane yadda abin ya faro ta hanyar dubawa kawai ba. Alamun iri ɗaya ne, taimakon farko ma iri ɗaya ne. Saboda haka duk mai neman fayil ɗin "masu zubar da ciki", abin da zai kwasa a zahiri shi ne fayilolin matanmu da 'ya'yanmu da suka yi ɓari.

Abin da doka ta tanada

Gaskiya ne dokar ƙasa ta haramta zubar da ciki. Sashe na 232 na Kundin Final Kod, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, sai fa idan an yi shi da kyakkyawar niyya don ceton ran uwar. Wannan ba a ɓoye yake ba.

Amma akwai wata dokar da yawancinmu ba mu san da ita ba, wato Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi maras lafiya sirri ne: ciwonsa, maganin da aka yi masa, har ma zamansa a asibitin. Ba a fitar da shi sai ta ɗayan ƙofofi biyar: ya ba da izini a rubuce, kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, iyaye ko waliyyin ƙaramin yaro su nema, wakilin wanda ba ya cikin halin ba da izini ya nema, ko kuma ya zama ɓoye bayanin zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin killace fayiloli, ya kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta tanadinsa. Sashe na 20 ya hana a ƙi karɓar wanda ya zo da larurar gaggawa bisa kowane dalili. Mace mai zubar da jini tana cikin wannan, ko mene ne sanadin jinin.

Ba ita kaɗai ba ce. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta buɗe wa jama'a takardun gwamnati, ita ma ta keɓe abin da ke tsakanin ma'aikacin lafiya da maras lafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin rukunin da ke buƙatar tsaro na musamman, ko a takarda yake ko a kwamfuta.

Ka lura da abin da babu a cikin ƙofofin nan biyar: babu zato, babu ƙorafin dangi, babu kakin ma'aikaci. Ba zan yaudare ki in ce fayil ɗinki ba ya buɗuwa har abada ba. Alƙali yana iya ba da umarni, idan ya bayar kuwa asibiti zai bi. Amma umarnin kotu takarda ce mai sa hannu da hatimi, mai ambaton abin da ake nema, kuma wurin shugaban asibiti ake kai ta, ba tagar ɗakin magani ba.

Wata rana wani mutum ya zo mini da katin shaidar aiki a hannu, ya ce an kai musu ƙara kan wata bazawara, yana son ganin littafin magunguna na wata guda. Na ce, "Yallaɓai, littafin nan ba nawa ba ne, amana ce aka ba ni. Idan akwai takardar kotu, a kai wa shugaban asibiti, abin da ya umarta shi za a yi." Ya ce, "Likita, suna ɗaya fa kawai zan duba." Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka kai ga sunan nan ɗaya sai ka bi ta kan sunayen mata da yawa da babu wanda ya kai ƙararsu." Ya yi shiru, muka yi sallama cikin mutunci. Bai dawo ba.

Gwamnati na da haƙƙin ƙidaya

Kada a ɗauka ina cewa a rufe wa gwamnati ƙofa. Kowane ƙarshen wata muna cika takardun ƙididdiga da ke tafiya ƙaramar hukuma, su wuce Dutse, su kai Abuja: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu, nawa aka yi wa wankin ciki, ƙwaya nawa ta fita. Da waɗannan alƙaluman ake sanin inda za a tura jini da ungozoma da magani. Idan mai ciki ta rasu, akwai zaman bitar da ake yi don gano inda aka yi jinkiri, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Idan kwalara ko sanƙarau ko zazzaɓin Lasa ya ɓulla, wajibi ne mu sanar nan take, domin cuta ce mai yaɗuwa. Ɓari ba ya yaɗuwa. Abin da gwamnati ke buƙata a kansa adadi ne, ba suna ba.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan tsoron hukuma ya tsaya a ƙofar asibiti. Shekaru da dama asibitocin ƙasar nan suna ƙin taɓa wanda aka harba da bindiga sai ya kawo takardar 'yan sanda, mutane suka yi ta mutuwa a hanyar neman takarda. Sai a 2017 aka yi dokar da ta wajabta a fara yi masa magani, sannan asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. Darasin a bayyane yake: rai ne farko, kuma duk inda ake son asibiti ya kai rahoto, doka ce ke faɗa ƙarara, ba son ran ma'aikaci ba.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Abin da nake gudu ya faru a wurare da dama. A watan Mayun 2019 'yan sanda suka shiga wani asibitin ƙungiyar Marie Stopes a Legas, kuma kamar yadda ƙungiyar da jaridu suka bayyana, sun tafi da likita da bayanan sirri na masu zuwa asibitin. A 2007, a birnin Campo Grande na ƙasar Burazil, an kwashe fayilolin mata kusan dubu goma daga wani asibiti guda, aka mai da su takardun bincike.

A El Salbado, wata matar ƙauye da aka sakaya sunanta da Manuela ta sami matsalar haihuwa a gida a 2008. Aka kai ta asibiti jina-jina, likitar da ta karɓe ta ta kai rahotonta. Aka yanke mata ɗaurin shekara 30, ta rasu a tsare a 2010 sanadin ciwon daji. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke cewa ƙasar ta zalunce ta, kuma tona sirrinta da aka yi a asibiti yana cikin zaluncin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Shikago. A 2004 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta nemi wani asibiti ya miƙa fayilolin mata kimanin 45, da sharaɗin a goge sunayensu. Kotun ɗaukaka ƙara ta hana, bisa hujjar cewa ko an goge suna, wanda ya san macen zai iya gane ta daga sauran bayanan. To, idan haka ne a birnin miliyoyin mutane, ina ga ƙauyen da ke bakin kogin Haɗejiya? A rubuta "'yar shekara 19, ciki na biyu, daga gari kaza, an kawo ta ranar kasuwa": ai an faɗi sunanta da na mijinta da na kakanta.

Kuɗin da tsoro ke ci a fadama

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini suna sahun gaba a sanadin, kuma dukansu biyu abokan gabar jinkiri ne.

Mu kuwa jinkiri ya riga ya yi mana yawa. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa, kamar yadda muka gani a 2018 da 2020 da 2022, ƙauyuka da yawa na Auyo da Guri da Kirikasamma sai da kwalekwale ake fita daga cikinsu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwan. Macen da jini ya ɓalle wa da dare tana buƙatar izinin maigida, da kuɗin mota, da mai tuƙa kwalekwale, da wanda zai ba da jini. Idan aka ɗora mata tsoron cewa gobe labarinta zai zaga gari, ko a kira ta ofis, sai ta zaɓi ta kwanta a ɗaki da jiƙo da ƙwayoyin kemis. Kwana uku sai zazzaɓi, sai wari, sai a kawo ta ba ta san inda take ba.

Wadda ta daure ta zo kuma, tsoro yana sa ta rage magana. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita yana buƙatar sanin yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, me ta sha, nawa ta sha, ko an sa wani abu a gabanta. Amsar tana canja magani: wata na buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki da ƙaƙƙarfan maganin ƙwayoyin cuta, wata bai kamata a ƙara mata abin da ta riga ta sha ba, wata kuma cikin a wajen mahaifa yake, tiyata kawai za ta cece ta. Ba za ta faɗi gaskiya ba sai ta tabbata maganar a ɗakin za ta tsaya.

Ɓarakar da ke cikin gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A iya abin da na gani, asirin mata ya fi fita ta hannunmu mu ma'aikata da ku dangi fiye da ta hannun hukuma. Ma'aikacin da ke ɗaga murya a taga yana bayanin magani alhali layi cike yake. Wanda ke ɗaukar hoton takarda da waya ya tura wa aboki. Bayan ambaliyar 2022 na ga fayilolin da suka jiƙe an shanya su a tsakar wata ƙaramar cibiya, yara suna wucewa ta kansu. Ga kuma wan miji da ke tare mu a baranda: "Malam, wane magani aka rubuta wa matar ƙanena?" Amsata kullum ita ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ita ce za ta gaya maka."

Macen da ta mallaki hankalin kanta, kuma tana cikin hayyacinta, ita ce mai ba da izini. Wannan ba raba miji da mata ba ne. Mafi yawansu da bakinsu suke cewa a kira maigida a yi bayani a gabansa. Bambancin shi ne ita ta ce.

Wannan kuma ba baƙuwar al'ada ba ce da aka kawo mana daga waje. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da yawan zato. Suratun Nur ta tanadi bulala tamanin ga wanda ya jefi kamilar mace da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba. Mu da muke roƙon rufin asiri a kowace addu'a, mu ya fi cancanta mu rufa wa wadda ke kwance a gadon asibiti. Magana zarar bunu ce. Wadda ta fita a kan mace, ko an gano ƙarya ce, ba ta komawa.

Abin da za ku riƙe

'Yar'uwa, idan kina da ciki ko kina zaton kina da shi, kika ga jinin da ke jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa guda, ko jini da gudaji, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko matsanancin ciwon mara musamman a gefe ɗaya, ko jiri da suma, ki nufi asibiti a lokacin, kada ki jira gari ya waye. Kina da ikon cewa a fitar da kowa daga ɗakin kafin ki yi magana, har da wadda ta rako ki. Ki faɗa wa likita duk abin da kika sha, ki zo da kwalinsa idan yana nan. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Idan kika ji labarinki a waje, ki kai ƙorafi wurin shugaban asibitin. Likitoci da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna kowanne yana da hukumar da ke iya ladabtar da shi.

Maigida, tun cikin na ƙarami ka tanadi kuɗin mota da lambar direba ko mai kwalekwale, ka san waɗanda za su ba da jini, ka kuma bar izinin cewa idan larura ta taso ba ka nan a wuce da ita. Idan ta yi ɓari, ka zama garkuwarta a wurin danginka. Iyayenmu mata, idan ma'aikaciya ta ce ku ɗan jira a waje, ba raini ba ne. Yadda aka rufa wa 'yar wani yau, haka za a rufa wa taku gobe.

Abokan aikina kuma, littafin da ke gabanmu ba namu ba ne. Wanda ya zo da takardar kotu mu nuna masa ofishin shugaba, wanda ya zo da baki kawai mu ba shi haƙuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi ɓari da mafi alheri, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.